Kwalba Mai Goma

Ranar Talata Ilu ya iso da hantsi,
babur duk taɓo, akwatin sanyi ɗaure da roba a baya.
Ya ce ya bar hanyar gada, ya zaga ta Rafin Kanya,
don jiya an tare 'yan gwari a mararraba,
an tafi da biyu.
Ban tambayi su waye ba. Ƙanƙarar na fara taɓawa:
da sauran ranta.

Na ƙirga a gabansa, na sa hannu.
Ta shan-inna, ta tarin fuka, ta ƙyanda kwalba huɗu,
kowace da ɗigonta a ka.
In ɗigon ya yi duhu, magani ya koma ruwa.
Ni da firjin nan mai cin rana
shekara shida muna kwana ɗaki guda.
Na san tarinsa, ya san minsharina.

Dokar kwalbar ƙyanda ba wuya:
yara goma take ɗauka,
in an fasa ta, awa shida ne ranta,
abin da ya saura a zubar.
Malam Nadabo na ƙaramar hukuma yana da jan biro
da wani layi da ake kira asara.
Bara sau uku ya zagaye sunana.

La'asar sakaliya, ina haɗa benci,
sai ga mace a bakin ƙofa.
Takalmi ƙafa ɗaya. Hausarta ta yamma ce.
Ta ce Hansai. Ta ce yau kwana tara da tashin garinsu,
katin yaron ya ƙone tare da rumbu.
Ta kwance goyo: wata goma sha ɗaya.
Wansa ƙyanda ta ɗauke shi da bazara.
Gobe da asuba motar gawayi za ta wuce da su,
ba ta san ina ba.

Na ce, ki dawo Alhamis, ranar awo.
Bakina ne ya faɗa, don ya saba.
Ta fara mayar da majanyi.

Ɗaya a hannun yaro, tara a rami.
Na ji jan biro yana kewaya ni.
Na buɗe firji.

Kukan yaron ya kori kaji daga baranda.
Na rubuta a jikin kwalba: biyar da kwata.

Daga nan sai tsere da agogo.
Gidan Tanimu maƙeri akwai tagwaye: uku.
Matar ladan ta miƙo nata ta saman zana: huɗu.
A firamare, inda baƙi suka shimfiɗa buhuna,
na sami uku da hasken waya,
wata tsohuwa tana riƙe mini su,
tana faɗin garin kowa, garuruwan da suka zama kufai.
Na takwas, ubansa ya ce sai ya yi shawara.
Na zauna masa a zaure
har ya gama shawara da gemunsa.

Sai ƙarar babura daga yamma, ba fitila.
Gari ya haɗiye numfashi.
Aka rufe wa jarirai baki da nono.
Na takure a bayan ƙyaure, akwati a cinya,
sanyinsa yana zurarewa ta cikin zanina.
Ba su shigo ba. Ta bayan fadama suka bi.
Da na duba waya, sha ɗaya da rabi.

Da safe na cika takarda:
an buɗe ɗaya, an yi takwas, asara biyu.
Babu layin da zan sa Hansai.
Motar gawayi ta riga ni fitowa alwala,
sai takalmin nan ƙafa ɗaya a gindin famfo.
Na kakkaɓe shi, na ɗora a kan firji.

Allura ta biyu sai ya kai wata sha biyar.
Can inda gawayi ya sauke su,
ko wa zai fasa masa kwalba?